Giram Ashirin da Biyu

Tuncay, ba so na zo nema ba.
Shi na san inda muka baro shi:
benci na uku a jirgin ruwan Karshiyaka,
ranar da ka ce ka gaji,
kana ɓare gyaɗa, kana watsa ɓawon a teku.
Awarwarona na zo nema.

Giram ashirin da biyu.
Kakata Muzeyyen ta zare shi da kumfar sabulu,
don hannun ya kumbura a lokacin,
ta ce, ajiye wa ranar da ba ta da suna.
Ni kuwa na raɗa wa ranar sunanka.
Da ƙafata na kai shi kasuwar Kemeralti.
Maƙerin zinari ya ɗora a sikeli,
ya dube ni ta saman tabarau, ya yi shiru.
Kafin la'asar ya zama jan babur
mai akwati a baya, na kai wa mutane abinci.
Ka ce wata shida.
Ka faɗa da hannu a ƙirji,
bakinka cike da burodi mai riɗi.

Shekara uku ke nan.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Naka ya fito fili, yana yawo kan titi.
Na gan shi jiya a Alsancak,
an cire akwatin, wata na zaune a gurbinsa,
ta riƙe ka daidai inda nake riƙewa.
Ban ji komai ba.
To, na ji kaɗan.
Amma tayoyin na fi kallo: sababbi, duka biyun.

Sai ga saƙonka: za ka biya,
lira kaza, daidai abin da maƙeri ya ƙirga mini.
Kai ma ka san lira ta rame.
Abin da ya sayi babur a wancan lokaci
yau ko taya ɗaya sai an yi ciniki.
Nauyi na ba ka, ba lamba ba.
Ka mayar da nauyi.

Lauyar da yayata Sevda ta samo
ta ce, akwai takarda?
Babu. Wa ke miƙa biro a kan matashi?
Shaida fa?
Kyanwa ce kaɗai a ɗakin,
ita ma da ka tashi ka tafi da ita.

Da dare na tona tsohuwar waya.
Cikin hotunan abinci da na faɗuwar rana
na tsinci muryarka, daƙiƙa arba'in da ɗaya,
iska na kaɗa ta, babur na kuka a baya.
Sau uku ka ce rayuwata
kafin ka ce, zinarin kakarki bashi ne a wuyana.
Na kunna wa lauya a ofishinta.
Ta rubuta jimla ta ƙarshe kawai.
Sauran ta bar mini,
na sauko da su hawa huɗu, lif ya lalace.

Takarda ɗaya mai hatimi ta isa.
Kai da ba ka ɗaga waya,
ka kira sau bakwai kafin azahar.
Ka ce ban yi maka kara ba.
Ka ce ashe lissafi nake yi tun farko.
Da ina lissafi, Tuncay,
da har yau yana hannuna yana sanyi.

Yanzu giram ɗaya duk wata,
ɗan falle a cikin leda, kamar ƙwayar magani,
a hannun Hulusi mai shayi na bakin tashar jirgi.
Yakan miƙo mini tare da canji, ba ya tambaya.
Tara na tara, suna cikin gwangwanin maɓallai.
Ba za su koma awarwaro ba,
wancan an narkar da shi tuntuni,
wataƙila yana kunnen wata amarya a Bornova.

Saura goma sha uku.
Ɗaya ga wata, kafin jirgin ƙarfe takwas.
Ka bar wa Hulusi.
Kada ka jira a gefen rumfar jarida,
na gan ka wancan karon.